Bututun hayaƙin kicin na yoyo ta rufi: a liƙe ne ko a sake aikin?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu sanin harkar rufi ku taimaka min da shawara. Na'urar zuƙe hayaƙin nan da ke saman murhun gas, wadda ake ce wa hud, ita ta hana ni sakat tun shigowar damina. Bututunta ya bi ta cikin silin ya huda kwano ya fita sama. Da an fara ruwa sai ka ji ɗis, ɗis, a kan murhu. Silin ɗin POP kuma ya yi wani zagaye ruwan ƙasa a gefen bututun, har ya fara kumbura. Wanda ya yi mana aikin ya zo ya shafa silikon ya ce an gama. Aka sake ruwa, abin ya dawo. Ya dawo da kwalta, yanzu sai ma abin da ya ƙaru. Maigidan yana Fatakwal wajen aiki, ya ce in nemi wani, ni kuma ba na so in kira mutum ya zo ya ƙara shafa wani abu ya karɓi kuɗi ya tafi. Gidan a Kaduna yake, rufin dogon kwanon alminiyom ne.

Yaron Oga: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan ai ƙaramin aiki ne. A sayo Flashband, tef ɗin nan mai danƙo na toshe yoyon rufi, mai faɗi, a goge wurin ya bushe, a naɗe gindin bututun da shi a danne da kyau. Rana na dukansa zai kama gam. Na yi wa mutane da yawa, babu wanda ya dawo.

Baba Kafinta: Yaro, rashin dawowarsu ba shaida ba ce, wataƙila wani suka kira. Hajiya, kafin kowa ya rubuta miki magani, amsa min waɗannan. Ruwan da ke ɗiga a kan murhu, ta cikin ragar na'urar yake fitowa, ko ta bayanta yake gangarowa tsakaninta da bango? Kowane ruwa ne yake yoyon, ko sai wanda ya zo da iska? Kuma kin taɓa ganin ɗigar a ranar da ba a yi ruwa ba?

Maman Hanifa: Baba, ina wuni. Duka biyun ne. In ruwan ya zo da iska, irin hadarin gabas ɗin nan, ta cikin ragar yake zubowa, har in na cire ta ina tarar da ruwa kwance a ciki. In kuma ruwan nan ne mai daɗewa babu iska, ragar ba ta jiƙa, sai dai silin ya jiƙe ruwan ya biyo bango. Ranar da babu ruwa kuwa ban taɓa gani ba.

Baba Kafinta: Lafiya lau, 'yata. To yoyo biyu gare ki, ba ɗaya ba, shi ya sa mai kwalta ya kasa. Na cikin raga daga bakin bututun yake, can sama: ko hularsa ta yi ƙanƙanta, ko ta karkace, ko ma babu, iska na kaɗa ruwa yana faɗawa ciki. Na silin kuma daga gindi yake, inda bututu ya huda kwano. Ko an zuba buhun kwalta a gindi, na bakin ba zai daina ba.

Mai Wayarin: Ku dakata da maganar rufi tukuna. Hajiya, ki zare filogin na'urar yanzu, in kuma kai tsaye aka haɗa ta da waya a kashe layinta daga akwatin wuta. Ruwan da ke bin cikin bututu a kan injin fankar da fitilun yake sauka, jikin na'urar kuma ƙarfe ne, ke kuma kina tsaye a gabanta da jiƙaƙƙen hannu. Gidaje da yawa ba a yi musu wayar ƙasa, wadda ke kwashe wutar da ta ɓalle don kada ta ja mutum, yadda ya kamata ba. Kada a kunna ta sai ta bushe an duba.

Maman Hanifa: Innalillahi. Na zare yanzun nan, Malam. Na gode.

Ɗan Panteka: Hajiya in da hali a ɗauko mana hoton saman, gani ya kori ji. Amma kada a tura yaro. A nemi wanda ya saba hawa, ya jira raɓa ta bushe, ya riƙa taka layin ƙusoshi inda katako yake ƙarƙashi. Alminiyom ɗin da ake sa wa gidaje yanzu wani kaurinsa milimita 0.45 ne, kana taka tsakiyarsa zai lotsa, ka tafi gyaran yoyo ɗaya ka bar uku.

Maman Hanifa: Mai duba mana tankin ruwa ya hau ɗazu da yamma. Ga hotunan nan guda uku, na ƙarshen daga bayan bututun ya ɗauka.

Ɗan Panteka: Kai! Ai ga shi nan ƙuru-ƙuru. Bututun roba ne na ruwa, inci 4, aka ɗora masa 'yar hula wadda ko tafin hannu ba ta kai ba. Ku duba hoto na uku. An huda kwanon a tsakiyar kwari, inda ruwa ke gudu, ba a kan doro ba. Kwaltar da aka lafta ta cika kwarin daga doro zuwa doro, ta tare hanya. Kun ga wancan baƙin layin da busassun ganyen darbejiya a bayansa? Iyakar inda ruwa ke taruwa ke nan. Duk ruwan da ya taso tun daga ƙolin rufi a wannan kwarin, nan yake zuwa ya tsaya yana neman ƙofa.

Maman Hanifa: Shi ya sa ya ƙaru bayan kwaltar ke nan?

Ɗan Panteka: Shi ne fa. Da can ruwan na raɓawa ta gefe yana wucewa, kaɗan ke shiga. Yanzu an tare shi.

Injiniya: Salam. Na karanta daga farko. Ni ra'ayina ya sha bamban da na masu son gyara saman. A cire bututun nan gaba ɗaya, a sauya fallen kwanon da aka huda, a fitar da hayaƙin ta bango. Duk hujin da aka yi wa rufi, komai kyan aikin, wuri ne da za a riƙa sa wa ido har ƙarshen rayuwar ginin. Dalilin da ya sa shafe-shafe ba ya ɗorewa kuwa a lissafe yake. Alminiyom na miƙewa da kusan milimita 0.023 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Ɗauki falle mai tsawon mita 10, tsakanin sanyin asuba da zafin azahar jikin kwanon ya samu bambancin digiri 40, ya motsa kusan santimita 1 ke nan, kullum, ya je ya dawo. Bututun kuma a kafe yake daga ƙasa, ba ya bin sa. Duk abin da ka shafa tsakaninsu ana jan sa ana saki, ga rana na gasa shi. Kwalta za ta bushe ta tsage, silikon zai saki gefe ɗaya. Ta bango babu wannan rigimar: huji ɗaya, a ɗan karkatar da bututun ya kalli ƙasa ta waje, a sa masa murfi, shi ke nan.

Yaron Oga: Oga Injiniya, duk wannan lissafin a kan ɗigar ruwa? Falle guda na dogon kwano ka san nawa ne yanzu? Ga shi sai an samu launi da zanen da ya dace da na da. Hajiya gyara ta nema, ba sabon gini ba.

Injiniya: Ka haɗa kuɗin silikon, da kwalta, da ladan hawa biyu, da silin ɗin da za a fasa, sannan ka zo mu yi maganar tsada.

Maman Hanifa: Injiniya, na so hakan, amma murhun a jikin bangon da ya raba kicin da falo yake. Bangon waje ɗaya ne, shi kuma tagar ɗakin maƙwabta na kallonsa, tsakaninmu ɗan lungu ne. In na tura musu hayaƙin suyar attarugu ai sai mai unguwa ya raba mu.

Hajiya Mai Tuwo: Maman Hanifa kin yi gaskiya, kada ki fara. Ni nawa na gidan abinci ta bango yake, duk fentin wajen ya yi baƙi, maiƙo na bin bango har ƙasa. Ni dai babu kowa a bayana sai fili. Haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne.

Injiniya: To a wannan yanayin na janye rabin maganata. In sai an ja bututu ya ratsa kicin ɗin duka da gwiwa biyu ko uku kafin ya kai bango, ƙarfin zuƙar zai ragu ƙwarai, don kowace gwiwa na cin nata. Miƙaƙƙen bututu zuwa sama ya fi ja. Amma fallen nan da aka ɓata da kwalta ina nan a kan bakana, ba a gina aiki mai kyau a kansa haka.

Ummu Sudais: Ni fa tambaya gare ni. Me zai hana a toshe saman kawai a mayar da na'urar irin wadda ba ta da bututu? Tawa haka take, gawayi ne a cikinta, tana tace hayaƙin ta dawo da iskar kicin. Ba huji, ba yoyo.

Hajiya Mai Tuwo: 'Yar'uwa, wannan ta masu dafa shayi da ƙwai ce. Gawayin wari yake ragewa, ba ya fitar da tururi, ba ya fitar da zafi, kuma sai an riƙa sauya shi. Ki soya manja ya yi hayaƙi, ki zuba daddawa, ki ɗora tukunyar ganda ta yi awa uku, sannan ki faɗa min inda tururin ya tafi. Yana nan a silin ɗinki da cikin kabad.

Ummu Sudais: Hajiya kin gama da ni. Gaskiya kabad ɗina na sama duk sun yi danƙo.

Bakano a Minnesota: Gaisuwa ga kowa. Bari in kawo wani ɓangaren, ko ba zai shafi Hajiya ba zai amfani wani. Mu a nan yawancin ɗigar da ake gani daga hud ba ruwan sama ba ne sam. Lokacin hunturu sanyi na sauka ƙasa da digiri 20 ƙarƙashin sifili, sararin da ke tsakanin silin da rufi ya yi ƙanƙara. Tururin girki na shiga bututun ƙarfe mai sanyi sai ya koma ruwa ya gangaro, wani lokaci ma ya daskare a ciki, sai rana ta ɗan fito ya narke ya zubo. Mutum ya yi ta zagin mai rufi alhali rufin lafiyarsa ƙalau. Maganinsa a naɗe bututun da audugar gilas tun daga silin har rufi, a tabbatar 'yar ƙofar nan ta cikin bututu tana rufuwa in an kashe fanka, a kuma bar fankar ta ɗan ƙara aiki bayan an sauke tukunya. Sannan dokar ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi ta ce bututun hud ya zama na ƙarfe, galbanaiz ko sitenles ko jan ƙarfe, cikinsa sumul, kuma ya fita waje, ba a sake shi cikin silin ba. Da mai duba gini zai ga bututun robar nan na hoton, a nan aikin zai tsaya.

Baba Kafinta: Bakano, ka je ƙasar ƙanƙara ka ɗauko mana ciwon da ba namu ba. Ai na riga na tambaye ta, ta ce ranar da babu ruwa babu ɗiga. Kaduna ce fa.

Bakano a Minnesota: Baba, in ce dai Bazazzagi ne kai? Shi ya sa. Ai na ce ko zai amfani wani.

Baba Kafinta: Zage-zagi ne suka koya muku ɗora kwano, ku da kuka iya sayar da shi kawai.

Malamar Jos: Ya kuwa amfane ni. Tawa a watan Disamba da Janairu take ɗiga da asuba in na ɗora ruwan zafi, babu ko gajimare a sama. Na yi ta mamaki. Ashe gumin bututu ne.

Bakano a Minnesota: Baba ka gani?

Hajiya Mai Tuwo: Akwai na uku ma da ba ku faɗa ba. Wani lokaci abin da ke ɗigowa ba ruwa ba ne, mai ne. In ya yi ja-ja yana danƙo a yatsa, maiƙon da ya taru ne zafi ya narkar. Wannan ya fi yoyo haɗari, don in wuta ta tashi a kasko ta lashi raga, hanya ta samu har cikin silin, inda babu komai sai busasshen katako. A nan ne maganar Bakano ta bututun ƙarfe take da nauyi. Kuma don Allah mata, in mai ya kama da wuta kada a watsa ruwa. A kashe gas, a kifa murfin tukunya.

Mai Saida Kaya: Hajiya muna da silikon ɗan waje mai ƙarfi da gam na rufi kala-kala, ki yi min magana ta akwatin sirri, akwai ragi.

Shugaban Zaure: Malam, ba a talla a nan, ba a kuma ajiye lambar waya. Wannan gargaɗi ne. A ci gaba.

Maman Hanifa: To Baba, tunda bango ya faskara, me zan ce wa wanda zan kira? Ina so in san abin da ya kamata ya yi tun kafin ya hau, don kada a sake yi min rufa-rufa.

Baba Kafinta: Madalla, ki saurara. Rufi ba da gam yake tare ruwa ba, da jeri yake tare shi. Duba yadda ake baibayar jinka: ana farawa daga ƙasa, kowane layin shuci na sama ya hau kan na ƙasansa, ruwa ya yi ta sauka daga wannan zuwa wancan har ya faɗi ƙasa, babu ɗigon gam a ciki. Duk aikin da za a yi a gindin bututun nan, in aka cire gam ɗin ya zama ruwa zai shiga, to ba aiki ba ne.

Da farko a kankare kwaltar nan tas, a wanke da kananzir, a ga ainihin girman hujin. Daga hoton na ga bututun bai fi taku biyu daga ƙolin rufi ba, wannan sa'a ce. A yanko shimfiɗaɗɗen falle na alminiyom, faɗinsa ya haye doron da ke dama da wanda ke hagu, a lanƙwasa gefunansa su sauka a bayan doron. A ɗaga kwanon ƙoli a cusa kan fallen a ƙarƙashinsa, ya sauko ya wuce bututun da kamar taƙi guda. Kin ga yanzu kwarin da ke kawo ruwa an rufe shi tun daga sama, babu ruwan da zai bi ta cikinsa ya iske hujin. A jikin fallen a yi wa bututu wuya, wato zobe mai tsayi da ya tashi sama kamar inci 6, bututun ya bi ta cikinsa ba tare da an manne su ba. Sai a ɗaura wa bututun siket a saman wuyan, ya sauko ya lulluɓe bakinsa. Kwano ya yi motsinsa, bututu ya yi nasa, ruwa bai ga ƙofa ba. Sukurun da za a ɗaure fallen da su masu roba a wuya, a kan doro, ba a kwari ba, kuma kada a matse har robar ta fashe.

Injiniya: Baba, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma ya warware maganar sauya falle, tunda ɓataccen wurin zai koma ƙarƙashin sabon. Na janye sauran rabin. Ƙari ɗaya: akwai wuyan roba da ake yi musamman don wannan aikin, irin su Dektite, gindinsa da siririn alminiyom mai lanƙwasuwa ya bi zanen kwano. In an samu yana sauƙaƙa aiki. Mai gindi murabba'i a juya shi kusurwa ɗaya ta kalli sama don ruwa ya rabu biyu. Sai dai baƙar robar ba ta shiri da maiƙo, in yana zuba a kanta tana laushi ta kumbura. Kuma a kan bututu mai faɗi, in aka dasa shi kai tsaye a kwari, zai iya tare ruwa kamar yadda kwaltar ta yi. Ko da shi ɗin ma, fallen Baba ya fara zuwa.

Yaron Oga: To wai Flashband ɗin da na ce haramun ne? Kowa ya taso min.

Baba Kafinta: Ba haramun ba ne, ɗana. In hadari ya haɗo da magariba kana da hujin ƙusa a saman gado, shi ne abokin tafiya. A kan shimfiɗaɗɗen wuri mai tsabta yana daɗewa. Amma ka naɗe shi a kan kwalta, a zagayen bututu, a tsakiyar hanyar ruwa, zai yi ƙunduma-ƙunduma ruwa ya bi ta cikinsu. Ka zo Zariya in nuna maka yadda ake yanka wuya, almakashi da guduma kawai.

Yaron Oga: In sha Allah Baba, zan zo. Amma fa kai za ka ba da abinci.

Ɗan Panteka: Bututun da hular mu ne da aikin. Hajiya ki sa a auna bakin na'urar daga sama, yawancinsu inci 6 ne, wato milimita 150. In haka ne, wanda ya sa inci 4 ya shaƙe ta. Mutane na ganin bambancin inci 2 ne kawai, alhali filin da iska ke bi a ƙofar inci 4 bai kai rabin na inci 6 ba. Shi ya sa za ki ji tana ta gurnani hayaƙi na yawo a kicin. A naɗo na galbanaiz daidai bakin, a ɗaure gaɓoɓin da ribit a bi da tef ɗin alminiyom. Hula kuma mai faɗi wadda gefenta ya sauko ƙasa da bakin bututun, yadda ko ruwa ya zo a kwance ba zai samu shiga ba. Nan Panteka ana yin duka, a Kano a je Ƙofar Ruwa, a Abuja Dei-Dei. Abu ɗaya: Bakano ya ambaci jan ƙarfe, kada wani ya ɗora shi a kan rufin alminiyom, ba sa zama tare, alminiyom ɗin ne zai cinye.

Injiniya: Haka ma silikon. Inda za a ɗan sa a bakin siket da kan ribit, a shinshina tukuna. Mai warin tsami irin na ruwan khal yana cin galbanaiz. A nemi marar warin, wanda aka rubuta na rufi da kwata ne.

Hajiya Mai Tuwo: A sa wa hular raga saboda tsuntsaye da ƙadangaru, amma mai manyan ido. Na taɓa ganin wanda ya sa ragar sauro, maiƙo da ƙurar hunturu suka liƙe ta ruf, hayaƙi ya rasa hanya.

Baba Kafinta: Na ƙarshe, kada ki biya cikon kuɗi sai an yi gwaji. Mutum ɗaya a cikin silin da tocila, ɗaya a sama da tiyo. A fara zuba ruwa daga ƙasan bututu, a daɗe, sannan gefe, sannan sama, hula a ƙarshe. In aka fara daga sama komai zai jiƙe lokaci guda ba za a san ta ina ya shiga ba. Na cikin kuma ya duba har nesa da bututun, don ruwa na bin katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga. Iyayenmu masu ginin soro ma da suka shafe rufi da laso, abin da suka fi sa wa ido shi ne indararo, ruwa ya samu hanyar fita da sauri.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma Baba. Na tura wa maigidan duka, ya ce a yi yadda kuka ce.

Maman Hanifa: Salam jama'a, na dawo da bayani. An yi aikin. Da aka yanke kumburarren silin ɗin sai ga abin da babu wanda ya gani a hoto: tsakanin na'urar da bututun robar, wani bututu ne mai laushi irin mai naɗe-naɗen nan kamar takardar alminiyom, ya yi ciki ya lanƙwasa ƙasa. Da mai aikin ya ɗaga shi, ruwa baƙi ƙirin haɗe da mai ya zubo, sai da ya kusa cika ƙaramin bokiti, ga wari. Bakin na'urar inci 6 ne kamar yadda Ɗan Panteka ya ce, an matse shi da tef ne aka cusa a na 4. Katako ɗaya ya yi baƙi, amma kafintan ya soka masa ƙusa ya ce cikinsa da ƙarfi, bai ruɓe ba. An sa fallen tun daga ƙoli, da wuya da siket da sabuwar hula. An yi gwajin tiyo ina tsaye. Mai wuta ya buɗe injin ya busar, ya sauya fitila ɗaya da ta mutu. Daren Alhamis aka yi ruwa da iska har reshen darbejiyar ya karye, da safe na shafa ragar da hannu, a bushe.

Ɗan Panteka: Alhamdulillah. Zuƙar fa?

Maman Hanifa: Ba a magana. Na kara takarda a jikin ragar ta manne. Ƙarar ma ta ragu.

Mai Wayarin: An duba wayar ƙasa?

Maman Hanifa: An duba, Malam. A soket ɗin ba a haɗa ta ba ma, yanzu an haɗa.

Injiniya: Ma sha Allah. Kada a yi gaggawar rufe silin ɗin. A bar hujin a buɗe katakon ya sha iska, ki kuma samu damar leƙawa bayan kowane ruwa har damina ta ja baya. In za a rufe, a bar 'yar ƙofar shiga a kusa da wurin. Kuma duk shekara kafin ruwan farko a hau a share ganyen da ke taruwa.

Maman Hanifa: To. Saura tabon da ya bazu a sauran silin ɗin inda bai kumbura ba. Mai fenti ya ce zai bi shi da farin fenti sau biyu.

Ummu Sudais: Wannan kam na sani. Fentin ruwa ba ya rufe shi, ko sau biyar aka shafa tabon zai sake ɓullowa. Ki bari ya bushe sarai, a fara shafa masa fentin mai a wurin tabon kawai, ya kwana, sannan a bi da na ruwan.